Hanyar Arewa Daga Kumasi Zuwa Paga: A Ina Aka Baro Salaga?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga iyayenmu da ke cikin wannan zaure. Yau a nan Ghana duk mai zuwa Tamale ko Bolga daga Kumasi, ta Suame zai fita, ya bi Offinso, ya wuce Techiman da Kintampo, ya ƙetare ruwa a Buipe. Amma in tsofaffi na ba da labarin tafiya arewa, Mampong kake ji, da Ejura, da Atebubu, da Yeji, da Salaga. Yaushe hanyar ta juya, kuma me ya juya ta? Wasu abokaina sun dage cewa da gangan gwamnati ta kauce wa Salaga.

Baba Tsohon Direba: Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara shimfiɗa maka ta yanzu, wadda ake kira N10, don yara da yawa barci suke yi a bas, ba su san inda aka bi da su ba. Daga shataletalen Suame ka miƙe Offinso, Abofour, Nkenkaasu, Akomadan garin tumatir, sai Techiman, kimanin kilomita 120 ke nan. Daga nan Jema, Kintampo. Kana barin Kintampo za ka ga daji ya fara buɗewa, manyan itatuwa sun ragu, buhunan gawayi sun jeru a bakin titi. Babato, Dawadawa, Gulumpe, Kadelso, sai gadar Buipe a kan Baƙin Volta. Gaba kaɗan mahaɗar Fufulso inda hanyar Damongo ta rabu, sai gadar Yapei a kan Farin Volta, sai Tamale. Kumasi zuwa Tamale wajen kilomita 380 ne. Bayan Tamale akwai Savelugu, Pong-Tamale, Nasia, Walewale, Pwalugu, Bolga, Navrongo, Paga. Ka taka ƙafa ɗaya gaba kana Dakola, ƙasar Burkina, hanyar Wagadugu. Duka dai kimanin kilomita 600.

Ta dā kuwa ta Tafo ake fita. A hau tsaunin Mampong mai kwanoni, wanda maigidana da ya koya mini mota ba ya yarda yaro ya riƙe sitiyari a kansa, a sauka Ejura, a wuce Atebubu da Prang, a tsaya bakin ruwa a Yeji a jira jirgin fito. In an ƙetare sai Salaga, daga nan Tamale.

Malam na Asawase: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗan Aboabo, amsar tambayarka a taƙaice ruwa ne. An gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika ya mamaye ƙasa kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu. Tsohon Kete Krachi ya shiga ƙarƙashin ruwa. Mashigin Yeji da a dā kogi ne kana hango ɗaya gaɓar, ya zama tafki mai faɗi. Babu yadda babbar hanyar ƙasa za ta dogara da jirgin fito a irin wannan wuri, shi ya sa nauyin ya koma ɓangaren Kintampo inda ake da gada a Buipe da Yapei.

Sai dai ina so mu yi adalci. Salaga ta fara yin baya tun da daɗewa kafin a gina Akosombo.

'Yar Salaga: Malam, da girmanka, wannan maganar ita ce ke yi mini ciwo kullum. Da zarar an ambaci Salaga sai a ce ai dama ta mutu tun dā. Kakata tuwo ta sayar wa direbobi a tashar Salaga, da shi ta aurar da 'ya'yanta. Duk motar da za ta Tamale sai ta tsaya a ƙofarta. Garin da ya mutu ne ake wannan ciniki a cikinsa?

Malam na Asawase: 'Yata, ban ce ta mutu ba, na ce ta yi baya, kuma ki ba ni dama in jero miki. A ƙarni na 19 Salaga ce kasuwar goro mafi girma a wannan yanki. Ayari kan taso daga Kano da Sakkwato, madugu a gaba, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, a bi Zugu da Sansanin Mango da Yendi, a yi watanni a hanya kafin a sauka Gwanja. Suna kawo kanwa, da fatu, da tufafin rini, da dabbobi, su koma da goro a bayan jakuna. Kuma kada mu ɓoye, ana sayar da bayi a wannan kasuwa, rijiyoyin da ke garin da wurin kasuwar suna nan ana nuna wa baƙi. Goron daga dajin Asante yake fitowa, kuma sarakunan Kumasi ba sa barin fatake su gangaro kudu su saya da kansu. A Salaga ake haɗuwa. Ƙarfin garin ke nan.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi suka ƙone ta. Gwanjawa suka yi amfani da damar suka fita daga hannun Asante, Asante kuma ta toshe wa Salaga goro, ciniki ya karkata Kintampo da Atebubu da Kete Krachi. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke kan sarautar Kpembe, mazaunin sarakunan yankin, Salaga ta watse. Malamai da attajirai suka fita, cikinsu har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Da Turawa suka mamaye Kumasi a 1896, ƙofar kudu ta buɗe, Bahaushe ya shigo har gindin goro. Zangon Kumasi da muke zaune a ciki, da yawan gidajensa daga wannan watsewar suka samo asali. Sannan jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya fara bin teku zuwa Ikko. To wa zai ƙara wata uku a bayan jaki?

'Yar Salaga: Duk na ji, kuma ban musa ba. Amma Malam ka tsallake wani abu. Da Turawa suka zo yin hanyar mota zuwa arewa, ina suka bi da ita? Ba ta Salaga ba? Ke nan garin ya sake samun numfashi bayan duk abin da ka lissafa. Tafkin ne ya zo ya yanke shi, kuma wutar da aka samu daga Akosombo ta daɗe tana haska Akra da Tema kafin ta leƙo mu.

Malam na Asawase: Wannan gaskiya ne. A 1907 aka ɗauke hedkwatar Yankin Arewa daga Gambaga zuwa Tamale, kuma wajen 1920 hanyar mota daga Kumasi ta isa Tamale ta Yeji da Salaga. Da ƙarfin talakawa aka yi ta, sarakuna ake ɗora wa su kawo majiya ƙarfi, aikin tilas. Gwamna Guggisberg ya yi maganar kai layin dogo arewa a shekarun 1920, har yau ba a kai ba. Inda muka bambanta da ke shi ne, abin da hanyar mota ta mayar wa Salaga tasha ce ta masu wucewa. Kasuwar da ta tara duniya ta riga ta tafi.

Hajiya Mai Albasa: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da maganar yau, don ni abin da ke gabana ke nan. Albasar da muke saukewa a Kwadaso, nan Kumasi, daga Nijar take zuwa, wasu motocin ta Bawku suke shigowa su haɗu da babbar hanya a Bolga. Albasa ba ta san jira ba. In lori ya kwana biyu a hanya fiye da ƙa'ida, kana buɗe tamfol warin zai gaya maka asararka tun kafin ka kwance buhu. Sai ka zauna da yara kuna tsincewa, ta sama lafiya, ta tsakiya ta yi ruwa. 'Yan'uwanmu na Akra da aka mayar Adjen Kotoku a 2021 su ma hanyar nan ce ransu. Masu tumatir daga Burkina sun fi mu shan wuya. Masu shanu kuwa Allah kaɗai ya san dabba nawa ke faɗuwa a cikin mota kafin a iso mayanka. Duk wannan a kan titi guda mai hannu biyu, tirela na tafe, tanka na tafe, bas na neman wuce su duka.

Makaniken Magazin: Hajiya, gaisuwa. Amma a faɗi gaskiya, masu kaya ma suna da nasu laifin. Nan Magazin, unguwar makanikai ta Suame, ake kawo mana lori a ce a ƙara masa sifirin, a ɗaga bodi, don ya ɗauki abin da kamfanin da ya ƙera shi bai taɓa mafarki ba. Dokar ƙasashen yankin nan tan 11.5 ce a kan aksul guda. Je ki duba kwaltar da ke hannun masu hawa arewa da kaya daga Tema, za ki ga tayoyi sun yi mata kwari biyu, ta kumbura a gefe. In ruwan sama ya kwanta a kwarin nan ƙaramar mota ta shiga da gudu, sai addu'a.

Hajiya Mai Albasa: Ƙanena, ka lissafa mini shingaye nawa ne daga Paga zuwa Kumasi, kuma a kowane sai direba ya sauka da takardu da abin da ke cikin takardu. Kuɗin mai ya hau, kuɗin mota ya hau. In bai ƙara buhu ba da me zai biya? Ban ce daidai ba ne, amma kada a ɗora wa mai albasa shi kaɗai.

Makaniken Magazin: Na yarda, Hajiya. Sai dai gadar ba ta san dalili ba, nauyi kawai ta sani.

Injiniya Ƙarami: Maganar gada ita ce ta sa na kasa yin shiru. Iyayena ku tuna ƙarshen 2017 da aka rufe gadar Buipe da ta Yapei don gyara. Gadoji ne da suka haura shekara 50 suna ɗaukar nauyin da ba a yi su dominsa ba. Makonnin nan sun nuna mana abin da muke ƙin gani: galibin arewacin Ghana, da kayan Burkina da Mali da Nijar da ke fitowa daga tashar Tema, duk a kan gadoji biyu suke rataye.

Ɗan Aboabo: Yaya, ba sai a bi ta Wenchi da Bole a fito Sawla ba? Na ji an gyara hanyar Sawla zuwa Fufulso.

Baba Tsohon Direba: An gyara ta, ɗana, an gama wajen 2015, kuma hanya ce mai kyau. Amma duba inda Fufulso take: tsakanin gadojin biyu. In ka zagaya ta Bamboi da Bole da Sawla da Damongo ka tsere wa Buipe, Yapei na gabanka tana jiranka. Lokacin da aka rufe su tare, mai zuwa Bolga sai ya haura har Wa, ya bi Tumu ya fito Navrongo, hanyar da ba kowace mota ke fita da ƙafafunta lafiya ba. Wasu suka bi gabas ta Bimbilla da Yendi. Wasu kuma suka tuna da Yeji. Yaran da na koya wa mota sun kira ni daga bakin ruwa suna cewa layin motoci ya fita gari, mutane na kwana a ƙarƙashin lori suna jiran jirgi.

'Yar Salaga: Alhamdu lillahi da Baba ya faɗa da bakinsa. Ranar wuya an san hanyarmu. Ni abin da nake cewa ke nan tun farko, a yi gada ko a samar da manyan jiragen fito masu aiki a kan lokaci tsakanin Yeji da Makango da ke ɗaya gaɓar, a gyara titin Makango zuwa Salaga zuwa Tamale yadda ya kamata. Ƙasa ta samu hanya ta biyu, mu kuma doyarmu ta fita. Doyar da ake nomawa a Gonja ta Gabas da Kpandai ba kaɗan ba ce, amma manomi na sayarwa da arha saboda mai mota ya san wuyar da zai sha kafin ya zo.

Injiniya Ƙarami: Yaya, zuciyata na tare da ke, amma gada a Yeji ba irin ta Buipe ba ce. A Buipe kogi ake ƙetarewa. A Yeji tafki ne mai faɗin kilomitoci, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna tsaye a ƙasa, ga ruwan na hawa da sauka kowace shekara. Kuɗin da za a zuba a wannan gada zai yi aiki mai yawa a N10. In ni aka tambaya, a fara da sababbin gadoji a Buipe da Yapei, a mayar da Kumasi zuwa Techiman tagwayen hanya, sannan a ba Yeji jirage masu kyau. Kuma a yi amfani da tafkin kansa. Akwai tashar jirgin ruwa a Buipe, ana kawo mai da siminti daga Akosombo. Duk abin da ya bi ruwa, titi ya huta da shi.

Malama 'Yar Tafo: Ni tagwayen hanyar nan ita ce a gabana, saboda rayuka. A Fabrairun 2016 bas ya yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo, fiye da mutum 50 suka rasu. A Maris 2019 bas biyu suka haɗu gaba da gaba a yankin nan dai, ɗaya ta kama wuta, aka sake rasa fiye da 50. Akwai gidaje a zangon nan da aka yi zaman makoki ba tare da an ga gawa ba. Allah ya jiƙansu. Yawanci da dare ne, direba ya gaji, hanya ta miƙe, ya fito wuce mota. In da akwai shinge a tsakiyar titi, da yawan waɗannan ba za su faru ba.

Baba Tsohon Direba: Amin, 'yata. Miƙaƙƙiyar hanyar da ke tsakanin Kintampo da Buipe ta fi tsaunin Mampong cin mutane. A tsauni kowa a farke yake. A miƙe kuwa barci ke sata, ga tirelar da ta lalace an bar ta a kan titi ba fitila, sai ganye da aka zuba a baya. Mu a zamaninmu in ka iso Kintampo dole ka sauka, ka yi alwala, ka ci abinci, ka miƙe ƙafa. Yanzu mai mota na kiran yaro a waya yana tambaya me ya sa bai iso ba. Bas mai tafiyar dare ya kamata a ce direba biyu ne a ciki, kuma masu tasha a Krofrom, nan Kumasi, su ne za su iya tsayawa a kan haka.

Alhaji na Prang: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Ina goyon bayan 'yarmu ta Salaga, kuma ina so a san ba Salaga kaɗai abin ya shafa ba. Prang gari ne da Hausa ce harshen kasuwa da na masallaci, kuma hanyar shanu da ta mota ce ta raya shi. Ejura da Atebubu suna ciyar da Kumasi da masara da doya da wake. Wannan ɓangaren bai daina aiki ba don an ɗauke masa manyan motoci. Techiman ta samu kasuwa, ta samu hanya, a 2019 ta zama hedkwatar Bono ta Gabas, Allah ya ƙara mata. Amma Atebubu da Prang da Yeji ma a cikin wannan jihar suke. In ana rabon kwalta a tuna da mu.

Malam na Asawase: Alhaji, barka da shigowa. Techiman ma ai tsohuwar kasuwa ce, ba hanyar mota ce ta ƙirƙire ta ba, haka Kintampo da Buipe, duk fatake sun san su tun kafin Bature. Hanyoyin Asante zuwa arewa dama biyu ne manya, ɗaya ta gabas zuwa Salaga, ɗaya ta yamma ta wajen Kintampo da Buipe. Abin da ya faru bayan 1965 shi ne an bar ɗaya ta ɗauki kayan biyu. Shi ya sa ban yarda da abokan Ɗan Aboabo da ke cewa makirci ne ba. Sakaci dai, wannan na yarda akwai.

'Yar Salaga: Sakacin shekara 60, Malam. Ga wanda matarsa ke naƙuda a Makango jirgi kuma ya tsaya a ɗaya gaɓar, sunan da aka ba abin bai dame shi ba.

Hajiya Mai Albasa: Ni tambayata ɗaya ga Injiniya. An daina karɓar kuɗin hanya a Nuwamban 2021. Mun ga an buɗe gadar sama a Tamale a 2022, an kuma fara ta Suame. To gyaran tsakiyar daji, inda ba mai ɗaukar hoto, da wane kuɗi ake yin sa?

Injiniya Ƙarami: Hajiya, akwai asusun hanya da ake tarawa daga harajin da ke kan man fetur, tun dā ma shi ne babban tushen kuɗin gyara, abin da ake karɓa a shinge kaɗan ne a kansa. Matsalar ita ce ƙaramin rami da za a toshe da kuɗi kaɗan a watan Maris, in aka bar shi damina ta wuce a kansa, sai an sake shimfiɗa wurin gaba ɗaya. Sannan ga ambaliya a ɓangaren Pwalugu duk shekarar da aka buɗe madatsar Bagre a Burkina. Ina ganin ƙungiyoyin masu albasa da masu shanu da direbobi su rubuta takarda guda su kai wa 'yan majalisar Asawase da na garuruwan da ke kan hanyar, maimakon kowa ya yi kukansa shi kaɗai.

Alhaji na Prang: In za a rubuta, a sa Yeji da Makango a ciki, in ba haka ba mu ba za mu sa hannu ba.

Hajiya Mai Albasa: Za a sa, Alhaji. Zan yi wa shugabanninmu magana ranar Juma'a bayan an sauko. Injiniya, kai za ka tsara mana ita da Turanci. Baba, muna buƙatar sunayen wuraren da suka fi lalacewa daga Kintampo zuwa Walewale, ka tambayi yaranka da ke kan hanya yanzu su turo mana.

Baba Tsohon Direba: Zan kira su yau da dare in sun sauka Tamale. Ku fara rubuta Gulumpe zuwa Buipe, da shigar Walewale.